Sharhi a kan ipmitool, manhajar da ke karanta rajistar kurakuran saba

Da yawa daga cikin sabobin da ke aiki a ofisoshi da asibitoci masu zaman kansu da kamfanonin ƴan kasuwa a Maraɗi na hannu ne. Sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano ko Lome, ko kuma a ɗauko su daga Kano, kuma garantinsu ya daɗe da ƙarewa. Idan irin wannan babbar kwamfuta, wadda duk sauran kwamfutocin ma'aikata suke dogara da ita, ta fara mutuwa da kanta da tsakar rana, babu wani wakilin kamfani da za a kira ya zo ya duba. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne bayanin da na'urar ta rubuta da kanta game da ciwonta, sai kuma manhajar da za ta iya karanta wannan rubutu. Manhajar da na fi amfani da ita a wannan aiki ita ce ipmitool, kuma ina ganin ta cancanci a yi mata sharhi na tsanaki, domin amfaninta babba ne a wajenmu, iyakarta kuma ba kowa ne ya san inda take ba.

A jikin babban allon kowace saba ta ainihi akwai wata ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC. Kamfanin Dell yana kiran tasa iDRAC, HPE yana kiran tasa iLO, amma aikinsu ɗaya ne: suna lura da zafi, da ƙarfin wuta, da gudun fankoki, da lafiyar sandunan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, kuma suna ci gaba da aiki ko da an kashe sabar, muddin igiyar wuta tana jone. Ƙa'idar da ake bi wajen magana da wannan ƙaramar kwamfuta ita ce IPMI, wadda kamfanonin Intel, HP, NEC da Dell suka fitar a 1998, aka sabunta ta a 2001, sannan siga ta 2.0 ta fito a 2004. Duk abin da ya saɓa wa al'ada, BMC tana rubuta shi a wata rajista mai suna SEL, a cikin ma'ajiyar da ɗaukewar wuta ba ta share ta. Sai dai ba da kalmomi take rubutawa ba. Kowace aukuwa tana ɗaukar bayit 16 cif, wato ƙananan gurabe 16 na bayani, lambobi zalla.

ipmitool manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, wadda Duncan Laurie ya fara rubutawa, kuma tana cikin rumbun manhajojin Debian da Ubuntu da sauran nau'o'in Linux. Ba ta da hoto ko maɓallin dannawa. Umarni ake rubuta mata, ta amsa da rubutu. Ƙanƙantarta abin yabo ne ga wanda ke sayen intanet da ƙididdiga a waya, domin sauko da ita ba ya cin komai, kuma da zarar ta sauka ba ta buƙatar lasisi ko rajistar suna ko haɗi da wani kamfani a waje. Ana iya tafiyar da ita a cikin sabar kanta, ko kuma daga wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta igiyar rezo mai haɗa kwamfutoci, inda take magana da BMC ta ƙofa mai lamba 623. Wannan hanya ta biyu ita ce ke ceton mutum ranar da sabar ta ƙi tashi sam, allon ya yi baƙi, babu abin da ke motsi sai ƴar fitila mai ruwan goro a gaba.

Domin mai karatu ya ga aikin da manhajar take ɗauke masa, ga misalin aukuwa guda da na tsara bisa ƙa'idar, kamar yadda take a ɗanye, da lambobin heksa, wato ƙidayar kwamfuta mai haɗa alƙaluma 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, inda kowane biyu suke bayit ɗaya: 2A 00 02 00 00 10 66 20 00 04 01 04 01 59 2F 2D. Bayit biyu na farko lambar aukuwar ce a jere, wato ta 42. Na uku, 02, yana nuna cewa aukuwa ce ta gama-gari wadda ƙa'idar ta tsara. Huɗun da suka biyo baya lokaci ne, amma daga ƙarshe ake karanta su zuwa farko, su ba da 66100000, wato yawan daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu 1970. Idan aka lissafa, ranar 5 ga Afrilu 2024 ce, da ƙarfe 13:43 agogon duniya na UTC, wato ƙarfe uku saura na rana a Nijar. Lamba 20 00 tana cewa BMC ce da kanta ta rubuta, 04 kuma sigar tsarin saƙon ce. Daga nan sai nau'in ma'aunin da ya yi ƙara, inda 01 ke nufin zafi, da lambar ma'aunin, da 01 na biyu mai nuna cewa wata iyaka aka ƙetare. Bayit uku na ƙarshe su ne zuciyar bayanin: 59 yana nufin an haura iyakar sama mai haɗari, 2F shi ne abin da aka auna, 2D kuma iyakar da aka sa. A lissafin da muka saba, 47 da 45 ke nan.

Mutum zai iya yin wannan da hannu idan aukuwar guda ce kuma takardar ƙa'idar tana gabansa. Amma rajistar sabar da ta sha wahalar watan Afrilu da Mayu a Maraɗi tana iya ƙunsar ɗaruruwan layuka, kuma babu mai gyaran da zai zauna yana juya lambobi alhali ma'aikata suna tsaye a kansa suna jiran aiki. Umarnin ipmitool sel list yana mayar da kowace aukuwa layi guda mai ɗauke da rana, da lokaci, da nau'in ma'auni, da abin da ya faru, da kuma ko matsalar ta fara ne ko ta kau. Wannan bambanci na ƙarshe bit ɗaya tak ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na bayit, a cikin bayit na 13, amma da shi ake gane ko zafi ya hau na ɗan lokaci ya sauka, ko kuwa ya hau ya zauna.

Shawarata ga duk mai fara amfani da ita ita ce ya saba da sel elist maimakon sel list. Dalili shi ne lambar ma'auni kaɗai ba ta gaya wa mutum ko zafin iskar da ke shiga ta gaba ne ko na firosesa na biyu, haka kuma lambar da aka auna ba lallai ba ne ta zama digiri kai tsaye. Kowace saba tana da wani kundi dabam mai suna SDR, inda aka rubuta sunan kowane ma'auni da lissafin da ake yi wa ɗanyar lambarsa kafin ta zama digiri ko bolt ko yawan juyin fanka a minti. A wata na'ura 2F na nufin digiri 47, a wata kuma sai an ninka ko an ɗebe wani adadi tukuna. Umarnin sel elist yana haɗa rajistar da wannan kundi, ya fito da suna da adadi na gaskiya. Yana da ɗan nauyi a tsofaffin na'urori, musamman ta rezo, amma ana iya kwafe kundin sau ɗaya da sdr dump a riƙa nuna wa manhajar fayil ɗin, sai aikin ya yi sauri.

A aikina, abin da wannan manhaja ta fi yi mini shi ne hana sayen kayan da ba su lalace ba. Akwai wani ofishi da sabarsa take sake tashi da kanta, har wani mai gyara ya gaya wa mai wurin cewa babban allon ne ya mutu, a aika Kano a nemo wani. Da aka karanta rajistar, sai ga layuka iri ɗaya suna maimaituwa: ma'auni nau'i na 08, wato akwatin wuta, yana cewa wutar da ke shigowa ta ɗauke, kuma akwatunan wuta biyu da sabar ke da su suna faɗar haka a daƙiƙa guda. Ba abu ne mai sauƙi akwatuna biyu su lalace a lokaci ɗaya ba; abin da ya fi kusa da hankali shi ne tushensu ɗaya ne, kuma tushen ne ya yanke. Dukansu a ondiler guda aka jona su, wato na'urar batir da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, batiransa sun gaji, ba sa iya riƙe nauyi a ɗan tsakanin da wuta ke ɗaukewa kafin gurup, wato injin ba da wuta, ya kama. Na ce wa mai wurin, “Alhaji, allonka lafiya lau yake, batir za ka saya, sannan a raba igiyoyin nan biyu kada su sha daga wuri ɗaya.” Ƙa'idar ta bambanta tsakanin akwatin da ya lalace, da wanda ke nuna alamar zai lalace, da wanda wuta ce kawai ba ta iso masa ba, kuma ipmitool tana fitar da wannan bambanci yadda yake.

Irin wannan hoto shi ne na fi gani a rajistocin garin nan. Wuta da zafi da ƙura su ne kan gaba, lalacewar kayan ciki tana biyo baya, sau da yawa ma a sanadinsu. A lokacin bazara, da zafin waje ke wuce digiri 40, ɗakin saba da na'urar sanyaya shi ta tsaya na sa'a guda ya isa ya cika rajista da ƙarar zafi. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe gaban na'urar da fuka-fukan fankoki, sai a ga ma'auni nau'i na 04 yana kukan cewa gudun wata fanka ya faɗi ƙasa da iyaka. Wanda ya jera waɗannan layuka da lokutansu yana iya nuna wa shugaban ma'aikata, da hujja a rubuce, cewa kuɗin gyaran kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi na sabon firosesa sauƙi da amfani.

Batun RAM yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne manhajar take da ƙarfi, a nan ne kuma ƙarfinta ya fara raguwa. Sandunan RAM na saba suna da tsarin ECC, wanda ke gyara kuskuren bit ɗaya ba tare da aiki ya tsaya ba, ya kuma gano kuskuren da ya fi haka ko da bai iya gyara shi ba. A rajista, ma'auni nau'i na 0C ne ke ɗauke da wannan labari, kuma ipmitool tana rubuta Correctable ECC ga wanda aka gyara, Uncorrectable ECC ga wanda ya gagara. Kuskure guda da aka gyara a cikin watanni ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan sun fara yawa a sanda ɗaya, har rajistar ta ce an kai iyakar rubuta su, to sandar tana bankwana, kuma gara a canza ta kafin ranar da za ta jefar da bayanan lissafin kuɗi a tsakiyar aiki. Tambayar ita ce: wace sanda ce a cikin goma sha biyu ko ashirin da huɗu? Ƙa'idar ta ware bayit na ƙarshe don nuna sandar, amma masana'antu ba su bi hanya ɗaya wajen cika shi ba, wasu ma suna amfani da bayit biyu da tsarin kansu. Saboda haka a wata saba manhajar tana faɗin sunan ramin kamar yadda aka buga shi a jikin allo, a wata kuma lamba kawai take bayarwa. Ko da ta faɗi suna, hanyar tabbatarwa ita ce a musanya sandar da wata a wani rami, a jira a ga ko kuskuren ya bi sandar ko ya tsaya a ramin.

Babbar iyakarta tana wajen aukuwar da masana'anta ke rubutawa da yarenta. Ƙa'idar IPMI ta bar wa kamfanoni, a bayit na uku mai nuna nau'in aukuwa, lambobi daga C0 zuwa DF domin bayanansu masu lokaci, da kuma E0 zuwa FF domin marasa lokaci, kuma abin da ke ciki sirrin mai shi ne sai ya bayyana. Idan ipmitool ta ci karo da irin wannan, sau da yawa abin da take yi shi ne ta rubuta OEM record ta zubo lambobin a ɗanye. Abin da mutum zai iya tsinta da kansa shi ne wanda ya rubuta, domin a cikin masu lokacin bayit uku da ke bin lokaci lambar kamfani ce ta IANA, hukumar da ke raba lambobin intanet: 674 Dell ne, 343 Intel, 10876 Supermicro, 311 kuma Microsoft, wanda ke nuna cewa Windows ce ta bar saƙon, yawanci game da kashewa ko faɗuwarta. Manhajar tana karɓar fayil na fassarar irin waɗannan layuka idan mutum yana da shi, tana kuma da ƴan umarnai na musamman ga wasu kamfanoni, amma ba ta cike giɓin ba. A nan wata manhaja mai suna FreeIPMI, wadda ita ma kyauta ce, ta kan fi ta ƙoƙari, domin umarninta na ipmi-sel yana da zaɓin fassara bayanan wasu masana'antu. Ni dai ina ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya. Sabobin HPE kuma suna da wasu rajistoci nasu dabam, IML da Active Health System, waɗanda ke ɗauke da bayanin da ya fi na SEL yawa, kuma na biyun fayil ne da sai kayan aikin kamfanin ke buɗe shi.

Akwai kuma layin da ke ruɗar mutane fiye da kowane, wato IERR, mai nufin kuskuren ciki, a ƙarƙashin ma'aunin firosesa. Wanda ya gan shi yakan ɗauka firosesa ce ta mutu, alhali sau da yawa ita ce kawai ta fara lura da cewa wani abu ya daina amsawa, ko katin da aka soka a ramin PCIe, ko RAM, ko wutar da ke ciyar da ita. Kamar mai gadin kasuwa ne da ya yi kururuwa. Jin muryarsa ba ya nufin shi ne ɓarawon. Cikakken bayanin irin wannan kuskure yana cikin wasu ma'ajiyoyi na firosesar kanta, kuma bayit uku na SEL ba su isa su ɗauke shi ba. A sabar da ke tafiya da Linux, ya kamata a girka wata manhaja mai suna rasdaemon tun ana lafiya, domin ita ce ke tattara waɗannan bayanai ta fassara su, ta kuma ƙirga kurakuran kowace sandar RAM. Manhajar ipmitool ba ta yi alkawarin wannan aiki ba, don haka ba zan ɗora mata laifinsa ba, amma mai amfani da ita ya san cewa ta tsaya a nan.

Lokacin da rajista ke nunawa shi ma sai an yi masa tambaya kafin a yarda da shi. BMC tana karɓar lokaci ne daga agogon allo, kuma a sabobin hannu ƙaramin batirin nan CR2032 yakan zo a mace. Idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya ta dawo, aukuwar da aka rubuta kafin a saita agogo tana fitowa da alamar Pre-Init, wato adadin daƙiƙoƙi ne tun daga tashin BMC, ba ranar wata ba. Ko agogon yana da kyau, bambancin sa'a guda tsakanin lokacin Nijar da UTC ya isa ya sa mutum ya haɗa aukuwa da abin da bai shafe ta ba. Umarnin sel time get yana nuna abin da BMC ta ɗauka lokaci ne, kuma shi ya kamata a fara bugawa kafin a karanta layi ko ɗaya.

Wani abu da nake so masu gyara su daina shi ne gaggawar buga sel clear domin fitilar gargaɗi ta mutu. Manhajar tana share rajistar nan take, kuma abin da aka share ba ya dawowa. Gaskiya ne ma'ajiyar ƙarama ce, kuma wasu na'urori idan ta cika sai su daina rubuta sabon abu, don haka sharewa takan zama dole; sel info yana nuna yawan wurin da ya rage. Amma kafin a share, sel save yana ajiye fassarar a fayil, sel writeraw kuma yana ajiye ɗanyun lambobin, kuma na biyun ne ke da amfani idan daga baya aka sami wanda ya fi sanin na'urar, ko a Yamai ko a Kano, da za a tura masa ta waya. Tare da ipmitool akwai wata ƴar manhaja mai suna ipmievd da ke kwafe kowace sabuwar aukuwa zuwa rajistar Linux, kuma kunna ta yana rage wannan damuwa ƙwarai.

Abubuwa biyu ne suke damuna game da ita a muhallinmu. Na farko, duk abin da take fitarwa da Ingilishi ne, haka ma littafin bayaninta, alhali yawancin matasanmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a wasu makarantun, da Faransanci suka yi karatu. Jimlolin da ke maimaituwa ba su da yawa, mutum yana iya haddace su, amma littafin yana da tsawo da bushewa, kuma ba ya koya wa sabon shiga yadda ake tunani a kan abin da ya gani. Na biyu ya shafi tsaro, kuma ya fi na farko nauyi. Tun 2013 masu bincike, ciki har da Dan Farmer, suka nuna cewa tsarin shiga na IPMI 2.0 yana miƙa wa duk wanda ya tambaya wani abu da za a iya fasa kalmar sirri da shi, kuma wannan rauni yana cikin ƙa'idar kanta. Wanda ya mallaki BMC ya mallaki sabar baki ɗaya. Don haka ƙofar BMC ba ta da hurumin kasancewa a intanet, ko a rezo ɗaya da wayoyin baƙi, kuma kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga tsohon mai ita dole ne a canza ta ranar farko. Wajen buga umarni ma, gara a sa kalmar sirri a fayil a nuna wa manhajar da a rubuta ta a fili a kan layi, inda duk mai duba ayyukan da ke gudana zai iya ganinta.

Masana'antu suna komawa ga wani sabon tsari mai suna Redfish, wanda ƙungiyar DMTF ta fitar a 2015, inda rajista ke fitowa da kalmomi tun daga tushe, kuma a wasu sababbin sabobi IPMI ta rezo a kashe take zuwa sai mutum ya kunna ta da kansa. Ci gaban ipmitool ma a hankali yake tafiya, domin tsakanin siga ta 1.8.18 ta 2016 da 1.8.19 ta 2022 shekaru shida ne. Amma na'urorin da ke iso mana Maraɗi yawanci na zamanin da IPMI ke mulki ne, kuma za su daɗe tare da mu. Ga mai kula da saba ɗaya ta kamfani ɗaya, shafin iDRAC ko iLO yana iya wadatarwa, har ma ya fi bayyana bayanan masana'antar. Ga mai gyaran da ke zagaya ofisoshi, yau Dell gobe Supermicro jibi Lenovo, umarni ɗaya da ke aiki a kansu duka ya fi masa, kuma a wannan aikin ina ba da shawarar ipmitool ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya riƙe FreeIPMI a gefe domin layukan masana'anta, ya girka rasdaemon domin kurakuran firosesa, ya kuma ajiye kwafin rajistar kafin ya taɓa sukurun farko.